Matan Indiya: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Tun da na dawo daga karatu a Indiya, ba bikin da zan je ba a tare ni da tambayoyin nan ba. Ga amsa nan a rubuce, don Allah a karanta kafin a sake tambayata.

Wai da gaske mace ce ke biyan sadaki a Indiya?

Ba sadaki ba ne, kuma ba ita ke biya ba. Iyayenta ne ke bai wa dangin ango kuɗi, zinariya, babur ko mota, su suna kiransa dahej. Doka ta haramta shi tun 1961, amma har gobe ana bayarwa da sunan kyauta. Musulminsu suna biyan sadaki yadda addini ya ce, sai dai dahej ya shiga gidajensu da yawa su ma.

Ashe kamar kayan ɗaki ne a wurinmu?

A'a. Gado da kujerun da aka yi wa 'yarmu nata ne, in aure ya mutu ta kwashe abinta. Dahej hannun surukai yake shiga, kuma ba ya ƙarewa ranar biki. Bayan wata shida sai a aiko a ce a ƙaro. Abin ya yi muni har a 1986 aka sa sashe na musamman a dokar laifuka, kan matar da ta yi mutuwar da ba ta Allah da Annabi ba cikin shekara 7 da aurenta, bayan an matsa mata kan dahej. Hukumar ƙididdigar laifuka ta ƙasar ta rubuta mata fiye da 6,000 da suka yi irin wannan mutuwar a 2022 kaɗai. Kar wanda ya ƙara ce mini "su ai mata ke sayen miji" yana dariya. 'Ya'yan mutane ne ke mutuwa.

Duk farare ne masu dogon gashi?

A'a. Masu fim ne ke zaɓo farare. Yarinya baƙa tana shan gori wajen neman aure, shi ya sa man hasken fata na Fair & Lovely ya yi kasuwa har aka sauya masa suna a 2020.

Matata na da ciki, za mu je asibiti can. Za su faɗa mana namiji ne ko mace?

Ba za su faɗa ba, ko kai baƙo ne. An hana tun 1994 saboda ana zubar da cikin 'ya'ya mata. A ƙidayar 2011, jihar Haryana na da yara mata 834 a kan kowane maza 1,000 'yan shekara 6 zuwa ƙasa. Za ka ga sanarwar manne a bangon ɗakin hoton ciki. Kar ka roƙi likita, kana neman jawo masa ɗauri ne.

Amma ai mace ta mulke su?

Ta yi. Indira Gandhi ta riƙe firaminista daga 1966 zuwa 1977, ta dawo 1980 har aka kashe ta a 1984. A 2022 aka rantsar da Droupadi Murmu shugabar ƙasa. Tun 1993 aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauye na mata ne, amma a wasu ƙauyukan matar ke cin zaɓe, mijin ke zama kan kujera, har suna gare shi: sarpanch pati, wato mijin shugaba.

Ina so in tura 'yata karatu Indiya. Za ta zauna lafiya da hijabinta?

Baba, wannan ba tambayar i ko a'a ba ce. Ka fara faɗa mini garin. Kerala, inda mata sama da kashi 90 cikin 100 suka iya karatu tun 2011, ba ɗaya take da ƙauyukan Uttar Pradesh ba. A Hyderabad mai hijabi ba abin kallo ba ce, a unguwar Charminar baƙaƙen abaya sun fi a ƙirga. Amma a 2022 jihar Karnataka ta hana hijabi a azuzuwan makarantun da ke da yunifom, rikicin ya faro daga garin Udupi, ya kai Kotun Ƙoli, alƙalai biyu suka rabu a hukunci. Saboda haka ka sa makarantar ta rubuto maka ƙa'idarta ta sutura kafin ka biya ko sisi, musamman in aikin jinya ko likitanci za ta karanta, inda akwai kayan ɗakin tiyata.

Sai launin fata, wanda a ganina ya fi hijabin zama matsala. A Maris 2017 an far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida, kusa da Delhi. Ba kullum ake haka ba, ɗalibanmu da yawa sun gama lafiya sun dawo da digiri, amma kallo da baƙar magana a kasuwa, wannan za ta gamu da su. Wasu masu gidajen haya ma ba sa ba mace marar aure ɗaki.

In da 'yata ce, shekarar farko a ɗakin kwanan ɗalibai mata za ta yi, duk da ana rufe ƙofa da wuri. A jirgin ƙasa na cikin garin Delhi akwai tarago na mata zalla, ta riƙa shigarsa. Lambar gaggawa 112 ce, ta haddace. Kuma ta yi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwana 14 da sauka.

Abin da ya fi duk wannan, ka nemo wata ɗaliba tamu da ke makarantar yanzu, ba dillalin da ya samo gurbin ba. Ka bar mahaifiyar 'yarka ta kira ɗalibar su yi magana mace da mace, kai ka fita daga ɗakin.