Rikicin Mulkin Cikin Gida na Ayalan a Shekarar 1914

Shekarar 1914 ita ce shekarar da taƙaddamar ba wa Ayalan mulkin cikin gida ta kai maƙura, har ƙasar ta kusa faɗawa yaƙin basasa. A cikinta hafsoshin sojan Birtaniya suka bijire wa gwamnatinsu, ɓangarori biyu na mutanen tsibirin suka yi fasa-ƙwaurin bindigogi, kuma aka sa hannu kan dokar da ba a taɓa aiki da ita ba.

Tushen al'amarin

Tun 1801 aka rushe majalisar dokokin Dublin aka haɗe Ayalan da Birtaniya, sai wakilanta suka koma zama a Landan. Abin da 'yan kishin ƙasa suka daɗe suna nema bai kai cikakken 'yanci ba: majalisa suke so a Dublin da za ta kula da harkokin gida, sha'anin soja da hulɗar ƙasashen waje kuwa su zauna a hannun Landan. Firaminista William Gladstone ya gwada sau biyu. A 1886 Majalisar Wakilai ta kayar da ƙudurinsa, a 1893 kuma Majalisar Dattawa ce ta yi fatali da shi.

Zaɓukan 1910 suka sauya lissafi. Gwamnatin Herbert Asquith ba ta iya tsayawa sai da ƙuri'un jam'iyyar 'yan kishin ƙasar Ayalan da John Redmond ke jagoranta, kuma dokar 1911 ta rage wa dattawan ƙarfi, ya zama jinkiri na kimanin shekara biyu kawai suke iya yi wa ƙuduri. Asquith ya gabatar da ƙuduri na uku a Afrilun 1912, kowa kuma ya san a 1914 zai zama doka.

Furotestan lardin Ulster da ke arewa, inda Belfast ta yi arziki da masaƙu da ƙera jiragen ruwa, sun ce ba za su zauna ƙarƙashin majalisar da Katolika ke da rinjaye ba. Edward Carson da James Craig suka jagorance su. A ranar 28 ga Satumba 1912 maza da mata kusan rabin miliyan suka sa hannu kan alkawarin ƙin yarda, a Janairun 1913 kuma aka kafa rundunar sa-kai ta Ulster. 'Yan kishin ƙasa suka mayar da martani da tasu rundunar a Dublin a Nuwamban 1913, ƙarƙashin Eoin MacNeill.

Barikin Curragh

A Maris 1914 Asquith ya yi tayin sulhu: kowace gunduma ta Ulster za ta iya zaɓar tsame kanta na tsawon shekara shida. Carson ya ce wannan hukuncin kisa ne da aka ɗage zartarwarsa zuwa shekara shida, ya yi watsi da tayin.

Cikin watan ne gwamnati ta ba da umarnin ƙarfafa tsaron rumbunan makamai a arewa. Babban kwamandan soja a Ayalan, Arthur Paget, ya isar da saƙon ta hanyar da ta sa hafsoshinsa suka ɗauka yaƙar Ulster za a tura su. A ranar 20 ga Maris, Birgediya Hubert Gough da hafsoshi 57 na rundunar dawakai da ke barikin Curragh suka ce gara a sallame su. Ba a ba su umarnin da suka ƙi bi kai tsaye ba, shi ya sa wasu masana ke ƙin kiran abin tawaye, amma sakamakon ɗaya ne. Gough ya dawo daga Landan da takardar tabbaci cewa ba za a yi amfani da soja a tilasta wa Ulster ba. Asquith ya nesanta kansa daga takardar, ministan yaƙi Seely da babban hafsan soja John French suka ajiye aiki, shi firaminista ya riƙe ma'aikatar yaƙi da kansa. Daga ranar kowa ya gane gwamnati tana da doka a hannu amma ba ta da sandar da za ta kora ta.

Bindigogi ta teku

A daren 24 zuwa 25 ga Afrilu, rundunar Ulster ta sauke bindigogi kusan 25,000 da harsasai miliyoyi, waɗanda aka sayo daga Jamus, a tashoshin Larne da Bangor da Donaghadee. An katse wayoyin sadarwa, an tare hanyoyi, motoci ɗaruruwa suka kwashe kayan kafin gari ya waye. Hukuma ba ta hana su ba.

A ranar 26 ga Yuli 'yan kishin ƙasa suka yi nasu, da rana tsaka. Ƙaramin jirgin ruwa mai suna Asgard, na Erskine Childers, ya sauke tsofaffin bindigogi 900 a Howth kusa da Dublin. Wannan karon aka tura 'yan sanda da soja. Ba su samu karɓe wani abin kirki ba, kuma da sojojin ke komawa bariki jama'a suka bi su da ihu da jifa. A titin Bachelors Walk da ke bakin kogin Liffey sojojin suka buɗe wuta, mutum uku suka mutu nan take, na huɗu ya cika daga baya. Mutanen Dublin ba su buƙaci wani ya yi musu bayanin bambancin Larne da Howth ba.

Kwana biyu kafin wannan, taron sulhu kan batun Ulster da Sarki George na Biyar ya kira a fadar Buckingham ya watse ba tare da matsaya ba. Gundumomin Fermanagh da Tyrone da ke Ulster ne suka zama ƙarfen ƙafa, domin Katolika sun ɗan fi yawa a cikinsu amma Carson ba zai sake su ba.

Doka a cikin aljihun tebur

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya dakatar da gardamar. Birtaniya ta shiga yaƙi ranar 4 ga Agusta, ranar 18 ga Satumba kuma sarki ya sa hannu kan dokar mulkin cikin gida tare da wata dokar da ta dakatar da aiki da ita har yaƙi ya ƙare. Batun Ulster aka bar shi a rataye.

Redmond ya ɗauka ya ci nasara. A Woodenbridge, ranar 20 ga Satumba, ya kira 'yan sa-kai su shiga sojan Birtaniya su je duk inda fagen daga ya kai. Mafi yawansu suka bi shi, tsiraru suka tsaya tare da MacNeill, kuma daga cikin tsirarun nan aka samu waɗanda suka yi wa mulkin Birtaniya boren Ista na 1916 a Dublin, wasunsu riƙe da bindigogin Howth. Dokar 1914 ba ta taɓa fara aiki ba. A 1920 aka maye gurbinta da wadda ta raba tsibirin gida biyu, Fermanagh da Tyrone suka faɗa cikin gundumomi shida na Ayalan ta Arewa.