Kamfanin Royal Niger: lokacin da ɗan kasuwa ya zama gwamnati

Kamfanin Royal Niger kamfani ne na Turawan Ingila da ya yi babakere a kan cinikin kogin Kwara da Binuwai tun daga 1886 har ƙarshen 1899, kuma in ana maganar yadda gwamnati ke ɗaure wa babban kamfani gindi ya kashe gasa a kasuwa, to da wuya a samu misalin da ya fi wannan fitowa fili a tarihin Najeriya.

Wanda ya kafa shi George Goldie ne. A 1879 ya haɗe kamfanonin Ingila da ke ta rububin sayen manja a bakin kogi suka zama guda ɗaya, hujjarsa ita ce gasa na tsadar da kaya, tunda duk lokacin da masu saye suka yi yawa mai manja ne ke yanka farashi. Kamfanonin Faransa da suka shigo kuwa sai ya riƙa karya farashi da gangan yana cin asara har suka gaji suka sayar masa da kayansu a 1884. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin ya tura Joseph Thomson Sakkwato da Gwandu ya dawo da takardun yarjejeniya, waɗanda har yanzu masana na jayayya a kan abin da sarakunan suka amince da shi da abin da Turawan suka rubuta.

Abin da ya canza komai shi ne takardar izini da gwamnatin Ingila ta ba shi a 1886. Da ita kamfani ya samu ikon mulki, yana da sojojinsa da kotunansa, yana karɓar kuɗin kwastan, hedikwata a Asaba, barikin soja a Lokoja. A rubuce dai takardar ta hana shi danne sauran 'yan kasuwa, taron da ƙasashen Turai suka yi a Berlin kan rabon Afirka ma ya ce kogin a buɗe yake ga kowa, amma ai wanda ke hamayya da kai a kasuwa shi ne kuma mai ba ka lasisi, shi ne mai sa maka haraji, in kun yi rigima gaban alƙalinsa za ka je, to ina gasa a nan? Kuɗin lasisi da kwastan ɗin da ya ƙaƙaba sun isa su kori kowa, shi kam in ya biya daga aljihun dama ne zuwa na hagu.

'Yan kasuwar Liverpool sun yi ta kuka a Ingila, amma waɗanda suka fi shan wuya mutanen Nembe ne da ake kira Brass, da kakanninsu ke fatauci a kogin tun kafin zuwan Bature, kwatsam aka ce su baƙi ne kuma cinikinsu fasa-ƙwauri ne. Yunwa ta kai su bango, a watan Janairun 1895 Sarki Koko ya jagorance su suka far wa ma'ajiyar kamfanin a Akassa. Sojojin ruwan Ingila ne suka zo suka rama wa kamfani, suka ƙone Nembe. A 1897 kuma sojojin kamfanin suka ci Bida da Ilorin da yaƙi.

Gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin ranar 1 ga Janairu 1900, ba don tausayin kowa ba, tsoron Faransa ne da ke matsowa ta yamma. Ta biya kamfanin fam 865,000 har da rabin kuɗin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa na shekara 99. Ɓangaren ciniki ya ci gaba, Lever Brothers suka saye shi a 1920, a 1929 aka haɗe shi da wani kamfanin ya zama United Africa Company, wato UAC, wanda ya daɗe yana cikin manyan masu sayen gyaɗa a Kano ta hannun dillalai irin su Alhassan Ɗantata.