Maganin kumburin jijiyoyin ƙafa da hasken leza

Kumburin jijiyoyin ƙafa, wanda likitocin Kamaru da Chadi ke rubutawa "varices", yana faruwa ne idan ƙananan murafan da ke cikin jijiya suka saki, jini ya riƙa komawa ƙasa ya taru. Ya fi kama masu doguwar tsayuwa, irin mahauta da masu tuyar ƙosai, da matan da suka haihu da yawa. Da farko nauyi ne da kumburi. In an bar shi, yakan kai ga gyambo a idon sawu.

A da fiɗa ake yi a zare jijiyar. Dabarar leza, wadda likita ɗan Sifen Carlos Boné ya bayyana a 1999, toshe ta take yi daga ciki da zafin hasken. Sai an fara hoton eko-Doppler, wato hoton da ke nuna gudanar jini a jijiyoyi, majinyaci yana tsaye, don a tabbatar jijiyoyin can ciki a buɗe suke, domin su za su ɗauki jinin.

Likita yakan huda jijiyar kusa da gwiwa, ya zura siririn zaren leza har ya rage kamar santimita 2 kafin mahaɗarta da babbar jijiya a tushen cinya. Sannan ya kewaye ta da ruwan gishiri mai ɗauke da lidokayin, maganin kashe zafi. Wannan ruwa ne ginshiƙin aikin: yana kashe zafi, yana matse jijiyar a jikin zaren, yana kuma tsare fata daga ƙuna. Ana kunna lezar, ana jan zaren a hankali. Jan sauri kan bar jijiyar ta sake buɗewa. Aikin bai cika wuce awa guda ba, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na jijiyoyin da aka yi wa aikin suna toshewa.

Majinyaci yakan taka ya tafi gida ranar, da safa mai matsi ta mako ɗaya ko biyu. A zafin Afrilu na Garwa ko Marwa wannan safa azaba ce, don haka sanya aikin lokacin sanyi ya fi.

Tsami da jan cinya na kwanaki ba abin tsoro ba ne. Ƙasan gwiwa kuwa jijiyar ji tana manne da ta jini, zafin lezar na iya taɓa ta, fatar wurin ta daina jin taɓawa. Gudan jini a jijiyar ciki bai cika faruwa ba, amma kumburin ƙafa farat ɗaya ko sarƙewar numfashi na bukatar asibiti nan take. Ba a yi wa mai ciki wannan aikin. Rassan da suka nannaɗe, waɗanda zaren ba ya shiga, ana yi musu allurar kumfa, wato maganin da ke toshe jijiya.