Daga akwatin gilashi zuwa sikirin: yadda makafi da guragu suka shiga gidajen tarihin kimiyya

A shekarar 1984 wata ɗalibar jami'a mai suna Noreen Grice tana ɗan aiki a ɗakin kallon taurari na gidan tarihin kimiyya da ke birnin Boston a Amurka, irin ɗakin nan mai rufi kamar an kife ƙwarya, a kashe fitilu a haska taurari a sama kowa ya kwantar da kai yana kallo. Rannan sai ga wasu ɗalibai makafi an kawo su. Ta raka su kujera, aka yi shiri aka gama, da za su fita ta tambaye su ya suka ji, su kuwa ba su yi mata kara ba, suka ce shirin bai yi ba ko kaɗan. To me za su ce? Mai bayani yana ta "ga wannan tauraron, ku dubi can", su kuma suna zaune cikin duhun da dama shi suka sani. An ba su kujera, an karɓe su da fara'a, amma abin da aka tara mutane dominsa bai iso gare su ba.

In ana maganar masu buƙata ta musamman da irin waɗannan wurare yawancinmu abin da ke zuwa mana a rai shi ne gangaren da keken guragu zai bi a bakin ƙofa, shi kenan an gama. Gangaren nan shi ne mafi sauƙin abin da aka yi, kuma shi ma sai da aka sha fama.

Asali ma gidajen tarihi na farko-farko a Turai ba su hana taɓa kaya ba. A gidan Ashmolean na Oxford da aka buɗe a 1683 baƙo kan ɗauki abu ya jujjuya ya ji nauyinsa. Sai a ƙarni na 19 da aka buɗe ƙofa ga talakawa jama'a suka yi yawa, aka shigo da akwatunan gilashi da dogarawa da dokar kar a taɓa. Daga nan gidan tarihi ya koma wurin ido zalla, gani ya kori ji, ya kori taɓawa ma. An samu ɗaiɗaikun da abin ya dama. A 1913 wani ma'aikacin gidan tarihin Sunderland a Ingila, John Alfred Charlton Deas, ya riƙa gayyato yara makafi yana fito musu da kaya suna shafawa, hotunan suna nan har yau, za ka ga yara sun kewaye gawar kada da aka busar suna lalubar haƙoranta. Amma wannan kirkin mutum ɗaya ne, ranar da ya ga dama, ba haƙƙi ba ne da wani zai tsaya ya ce a ba shi.

Gidajen kimiyya su suka fara karya dokar kar a taɓa, wannan gaskiya ne. Deutsches Museum na Munich a Jamus da Oskar von Miller ya kafa a 1903 ya yi suna da injinan da baƙo zai danna maɓalli su motsa. A 1969 kuma Frank Oppenheimer, ƙanin Robert Oppenheimer na bam ɗin nukiliya, ya buɗe Exploratorium a San Francisco inda kusan komai sai ka sa hannu. A Washington gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya da aka buɗe a 1976 har ɗan ɓallin dutsen wata aka ajiye, wanda 'yan sama jannatin Apollo 17 suka kawo, kowa ya zo ya shafa. Sai dai a ganina nan ne suka ɗan ruɗi kansu, suka ɗauka tunda ana taɓawa ai kowa ya samu. Alhali ka danna maɓalli me zai faru? Fitila ta kama, allura ta motsa, ruwa ya canja kala, duk dai sai da ido. Teburin kuma an yi shi daidai tsayin wanda ke tsaye, marikin da za a juya sai mai ƙarfin hannu biyu. Ko shahararren ɗakin duhun nan da Exploratorium ta buɗe a 1971, wanda ake bi da lalube ba haske ko ɗigo, makaho zai ji daɗinsa ƙwarai, amma hanyarsa rarrafe ce da hawa da sulalowa, mai keke sai dai a ba shi labari.

Abin da ya juya lamarin a Amurka doka ce, dokar ma ba a ruwan sanyi aka same ta ba. A 1968 an ce gine-ginen da gwamnatin tarayya ta sa wa kuɗi dole nakasasshe ya iya shiga. A 1973 aka zo da wata doka mai sashe na 504 wanda ya hana duk wurin da ke cin kuɗin tarayya nuna wariya, kuma gidajen tarihi da yawa suna ci. Shekara huɗu ana jan ƙafa ba a sa hannu kan ƙa'idojin aiwatarwa ba, har sai da nakasassu sama da ɗari, Judy Heumann na cikin jagororinsu, suka mamaye ofishin gwamnati a San Francisco ranar 5 ga Afrilun 1977 suka ƙi fita sama da mako uku, suna kwana a ƙasa, 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther na kawo musu abinci. Ranar 28 ga watan aka sa hannu. Babbar dokar kare haƙƙin nakasassu kuma, ADA, sai 26 ga Yulin 1990 Shugaba George Bush babba ya rattaba mata hannu, bayan a watan Maris na shekarar wasu sun ajiye kekunansu sun ja jiki sun haye matakalar majalisa. Ita ce ta haɗa har da gidajen tarihi masu zaman kansu. Kuma ƙa'idojinta ba su tsaya a fatan alheri ba, awo ne: gangare in zai hau inci 1 sai ya yi tsawon inci 12, wato dakalin da ya kai rabin mita yana buƙatar gangaren mita 6. Duk wanda ya taɓa tura keke a irin gangaren da magina ke manna wa gini bayan an gama, mai tsaye kamar bango, ya san dalilin wannan lissafin. Ingila ta yi tata dokar a 1995, Faransa a 2005.

To doka ta iya auna faɗin ƙofa da tsayin famfo a banɗaki, amma ta yaya za ta auna ko yaro ya fahimci me ake nufi da zoben da ya kewaye duniyar Saturn? Nan aikin ya koma hannun irin su Noreen. Bayan abin da ɗaliban nan suka faɗa mata ta je laburaren makarantar makafi ta Perkins, inda marubuciyar nan makauniya kuma kurma Helen Keller ta yi karatu, ta tarar akwai littattafan ilimin taurari da rubutun Braille amma ba zanen da yatsa zai bi, saboda yin sa na da tsada. Ta zauna ta koyi yi. A 1990 littafinta Touch the Stars ya fito da zanen taurari da duniyoyi masu tudu-tudu, a 2002 kuma ta yi wani da hotunan na'urar hangen nesa ta Hubble.

A wannan gidan na Boston dai, wajen ƙarshen shekarun 1980, wata mai suna Betty Davidson ta ɗauki wani tsohon zaure na namun dajin yankin da aka cusa wa auduga aka jera bayan gilashi, ta ƙara masa abubuwan shafawa, da sauti, har da ƙamshin da za ka sunsuna. Don nakasassu aka yi. Abin da ya ba ma'aikata mamaki shi ne kowa ma ya fara daɗewa a zauren, iyaye da yara masu ido lafiya lau da a da wucewa kawai suke yi. Wannan shi ne tunanin da Ronald Mace, wani masanin zanen gini da shi kansa a keke yake, ya yi ta yaɗawa: a tsara abu tun farko yadda kowa zai iya amfani da shi, maimakon a gama sannan a buɗe wa wasu ƙofar baya. A 1996 cibiyar Smithsonian, mai kula da gidajen tarihin gwamnatin Amurka a Washington, ta fitar da kundin ƙa'idojinta na shirya baje koli, har girman harafi da ƙarfin haske da tsayin akwati, gidaje da yawa a duniya sun kwafa daga ciki.

Kurame su ma da nasu, bidiyo ba rubutu a ƙasa, lacca ba mai fassara da hannu. Daga baya-bayan nan aka farga da yara masu lalurar galahanga, wato autism, waɗanda hayaniya da walƙiyar fitilun gidan kimiyya ke firgitawa, shi ya sa Smithsonian da gidan kimiyya na Landan suke ware wasu safiyoyi kafin a buɗe wa jama'a, a rage ƙara a rage cunkoso. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu, a sashe na 30, ta ambaci gidajen tarihi da suna. Najeriya ta amince da ita a 2010, kuma dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Amurkar da aka yi duk wancan gumurzun kuwa har yanzu majalisar dattawanta ba ta amince da yarjejeniyar ba.

Yanzu kuma wani abin ya sake ɓullowa, an gudu ba a tsira ba. Gidajen kimiyya sun cika da sikirin da ake shafawa, an cire tsofaffin maɓallan da yatsa ke ji da marikan ƙarfe an sa allo sumul. Ga makaho wannan gilashin ne dai na ƙarni na 19 ya dawo, sai dai yanzu an ce masa ya taɓa, ya taɓa ɗin bai ji komai ba. Ba wai maganin babu ba ne, tun 2009 wayar iPhone take karanta wa makaho abin da ke kan sikirin, kuma akwai gidajen da ke sa wa na'urorinsu ramin iyafis da 'yan maɓallai a gefe, amma sai wanda ya tuna tun lokacin ba da kwangila. A ɓangaren taurari kam an ci gaba sosai. Wanda Díaz-Merced, 'yar Puerto Rico da ta makance tana ɗaliba, da kunne take nazarin bayanan sararin samaniya, kuma tun 2020 NASA take mayar da hotunan na'urar hangen nesa ta Chandra sauti, aka fara da tsakiyar gungun taurarin da muke ciki: sautin yana tafiya daga hagu zuwa dama, inda haske ya fi ƙarfi ƙara ta fi tashi, kowane tauraro kuma da ɗan kiɗansa.