Tauraron teku ya fi ƙwaro kusa da kai: amsoshi kan rabe-raben dabbobi

Mene ne filum?

Babban rukuni ne na dabbobin da suka yi tarayya a tsarin ginin jiki. Sun haura 30.

To tauraron teku rukuninsu ɗaya da jelifish, dabbar teku mai siffar lema, ke nan, tunda duk a kewaye suke?

A'a! Wannan kuskure na gyara shi har na gaji. Hannuwansa biyar ne suke ruɗin ku. Ku dubi ɗansa sa'ad da ya fito daga ƙwai: yana da dama da hagu sarai, sai da girma yake sauya siffa. Shi Echinodermata ne, jelifish kuwa Cnidaria.

Me ake nufi da daidaiton jiki?

Raba tana gida biyu a tsaye, daga kai zuwa ƙarshe: dama ta yi kama da hagu, kamar jikinka. Jelifish kuwa tamkar faranti ne, ana iya raba shi ta fuskoki da yawa. Yawancin soson teku ba su da ko ɗaya.

Me ya kawo zancen baki da dubura?

Ba abin dariya ba ne. Tayi yana farawa kamar ƙwallo, sai gefe ɗaya ya lotsa ciki ya bar ƙofa. In ƙofar ta zama baki, furotostom ke nan: ƙwari, katantanwa, tana. In ta zama dubura, baki ya biyo baya, diyutarostom ke nan: mu da kifi da tauraron teku. Karl Grobben ne ya raɗa waɗannan sunaye a 1908.

In aka ajiye mini dabba a ɗakin gwaji, ta ina zan fara?

Yauwa, ga tambaya. Fara da siffa, amma kada ka sakankance da ita. Katantanwa a murɗe take, alhali 'yar rukunin masu dama da hagu ce. Sai ka nemi shimfiɗun tayi, wato jerin ƙwayoyin da sassan jiki ke tsirowa daga gare su: biyu ne kamar na jelifish, ko uku? In uku ne, yanka jikin a gicciye ka duba ko akwai kogo tsakanin hanji da bangon jiki. Tsutsa mai faɗi ba ta da shi, tana tana da cikakke, Askaris, wata tsutsar ciki, kuwa tana da shi amma naman shimfiɗar tsakiya bai lulluɓe shi duka ba. Sai dai kogon nan ba ya nuna dangantaka yadda tsofaffin littattafai suka ɗauka.

Rabuwar ƙwai ma tana taimakawa, galibi. A furotostom irin katantanwa ƙwayoyin farko a karkace suke hawa juna, kuma tun da wuri kowace ta san aikinta. A 'yan'uwan tauraron teku a miƙe suke jeruwa. Wajen 1891 Hans Driesch ya ware ƙwayoyin farko na bushiyar teku, 'yar'uwar tauraron teku, kowace ta zama ɗa cikakke, ƙarami kawai. Amma ƙwari furotostom ne, ƙwansu kuma ba ya bin karkacen nan. Tsutsar kibiya, Chaetognatha, an daɗe ana jera ta cikin diyutarostom saboda tayinta, binciken DNA ya mayar da ita ɗaya ɓangaren. Saboda haka ka tara alamu uku ko huɗu kafin ka yanke hukunci, in sun saɓa ka rubuta cewa sun saɓa.

Dole ne in haddace sunayen Latin?

Kwantar da hankalinka. Sunayen manyan filum tara sun ishe ka farawa, kuma ka zana jikin dabbar kowane a gefen sunansa.