Roger Deakins

Roger Deakins ɗan Ingila ne mai ɗaukar hoton fim, wanda aka haifa ranar 24 ga Mayu, 1949, a garin Torquay na yankin Devon. Ya yi suna ne a manyan fina-finan Amurka, amma tushen sana'arsa yana cikin fina-finan dokumentari, wato masu nuna abubuwan da suka faru a zahiri.

Karatu da farkon aiki

Ya karanta zane a makarantar fasaha ta Bath. Da ya nemi shiga Makarantar Fim ta Ƙasa ta Birtaniya ba a ɗauke shi a karon farko ba, sai ya shafe kimanin shekara guda yana zagaya ƙauyukan arewacin Devon yana ɗaukar hotunan rayuwar manoma, kafin ya samu gurbi a 1972.

Bayan ya kammala, ya yi shekaru yana aikin dokumentari. A wajajen 1977 ya bi wani jirgin ruwa a gasar zagaya duniya, inda ya yi kusan wata tara a teku yana aikin jirgin tare da matuƙansa, yana kuma ɗaukar yadda zaman takura ke dagula dangantakarsu. Ya ɗauki hoton yaƙin neman 'yanci a Rodeshiya, wadda ta zama Zimbabwe, da na Eritiriya, sannan ya yi aiki a Indiya da kuma cikin al'ummar Nuba ta Sudan. A irin wannan aiki ba a maimaita abin da ya wuce, saboda haka dole mai kyamara ya san inda zai tsaya tun kafin abu ya faru, ya kuma wadatu da hasken da ya tarar. Har bayan shahararsa, shi yake riƙe kyamara da kansa.

Fina-finan labari

Darakta Michael Radford, abokin karatunsa, shi ya jawo shi wannan fage a farkon shekarun 1980. Daga 1991 ya fara doguwar hulɗa da wasu daraktocin Amurka 'yan'uwa biyu, Joel da Ethan Coen. A fim ɗinsu na 2000, O Brother, Where Art Thou?, an gyara launin hoton gaba ɗaya da kwamfuta, aka mayar da korayen ganyayen jihar Mississippi ta Amurka suka koma launin busasshiyar ciyawa.

Lambobin yabo

Sau 13 ana sa sunansa a takarar Oscar bai samu ba, sai a 2018 da fim ɗin Blade Runner 2049, sannan a 2020 da fim mai suna 1917. An ba shi sarautar Sir ta masarautar Birtaniya a 2021.