Ba wani abin ɓoye ne ya haɗiye jirgin Chicora ba

Ranar 21 ga Janairu 1895 jirgin ruwa mai suna Chicora ya tashi daga Milwaukee ɗauke da fulawa, zai tsallaka tafkin Michigan na Amurka zuwa St. Joseph. Bai isa ba. Babu wanda ya tsira, kuma har yau ba a gano gangar jikinsa ba.

Irin wannan ɓacewar ce ta sa wasu suka daɗe suna cewa akwai wani yanki a tafkin mai haɗiye jirage. Kalmar "tafki" ce ke ruɗin mutane, sai a ɗauka kududdufi ne. Ina! Tsawonsa ya kusa kilomita 500, zurfinsa a wani wurin ya kai mita 281. Idan guguwar hunturu ta taso, igiyoyinsa gajeru ne masu bin juna kusa-kusa, ga ƙanƙara na daskarewa a jikin jirgi tana ƙara masa nauyi. Chicora kuwa na katako ne, ba rediyo a lokacin balle a nemi agaji. Guguwa ta auka a ranar, daga baya aka tsinci tarkacensa kusa da garin South Haven da ke gaɓar tafkin.